ABIN DA KE HANA SABULU KUMFA A RUWAN RIJIYA

Masu wanki da guga na Ketu da Agege sun daɗe da sanin cewa ruwa ba ɗaya ba ne. Sandar sabulun da za ta wanke riguna goma da ruwan sama, da ƙyar ta kai rabin haka da ruwan wata rijiyar, sai mai wanki ya ɗora wa kamfani laifi alhali laifin na ruwa ne.

Sabulu dai mai ne aka dafa da ruwan toka ko soda. Haka ake yin sabulun salo a gida Arewa, haka Yarabawa ke yin nasu baƙin da tokar ɓawon koko da man alaidi, kuma hanyar ke nan da kamfanin Lever Brothers, wanda aka kafa a ƙasar nan a 1923, ya bi a masana'antarsa ta Apapa. Kowane ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyoyin su kan nutse cikin dauɗa, kawunan kuwa su riƙe ruwa, da an ɗauraye sai dauɗar ta bi ruwa ta tafi.

To, ruwan da ya ratsa farar ƙasa, irin ta Kalambaina a Sakkwato ko Ewekoro a Jihar Ogun, ya kan kwaso sinadaran kalsiyam da maganiziyam. Waɗannan su ke cafke sabulu su mai da shi farin dusa-dusa a bakin bokiti, ba a samun kumfa sai sun ƙoshi. A Ikko kuwa akwai ƙari: rijiyoyin da ke kusa da ruwan lagun su kan yi zartsi, waɗansu burtsatse kuma suna da ƙarfe a ruwansu, shi ne ke sa farar shadda ta yi ja-ja.

Tafasa ruwa na rage wani kashi na farar ƙasar. Ɗan garin kanwa a jiƙa a bari ya kwanta kafin a sa sabulu ma yana taimakawa, amma kanwa ba ta maganin zartsi. Garin wanki irin su Omo bai damu da farar ƙasa sosai ba. Wanda ke saye wajen 'yan ga-ruwa, gara ya zuba kaɗan a kwalba da ɗan sabulu ya girgiza ya gani kafin ya biya kuɗin kura guda.