Shirin Karatun Ilmin Zaman Jama'a Tun Daga Makarantar Sakandare

Kowace shekara ɗalibai masu yawa sukan nemi shiga jami'a domin karanta ilmin halayyar ɗan'adam, ko ilmin zamantakewa, ko kuwa ilmin nazarin laifuffuka. Wasu daga cikinsu sukan rasa gurbi saboda kuskuren da suka yi wajen zaɓen darussa tun suna makarantar sakandare. An shirya wannan bayani ne domin ɗalibai da iyaye su gane hanya tun da wuri.

Ma'anar Fannonin

Ilmin halayyar ɗan'adam yana binciken tunanin mutum da ɗabi'unsa, watau yadda yake koyo, da yadda yake tuna abu, da abin da ke sa shi fushi ko tsoro. Ilmin zamantakewa kuwa yana duban jama'a ne a dunƙule, kamar sha'anin iyali da aure, da ƙaura daga ƙauye zuwa birni. Shi kuma ilmin nazarin laifuffuka yana neman sanin dalilan da ke sa a karya doka, da hanyoyin hana laifi, da yadda za a gyara halin mai laifi. A Nijeriya an fara buɗe sashen ilmin halayyar ɗan'adam ne a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka cikin 1964.

Darussan da Za a Riƙe

Ba a saba koyar da waɗannan fannoni uku da sunayensu a makarantun sakandare na ƙasar nan ba. Saboda haka ɗalibi yakan kafa harsashinsa ne da darussan da ke kusa da su, watau sha'anin mulki, da tattalin arziki, da labarin ƙasa, da tarihi. Ana bukatar ya ci darussa biyar da daraja ta kiredit a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi.

A wajen lissafi ne ɗalibai da yawa sukan yi tuntuɓe. Sukan ɗauka cewa mai nazarin jama'a ba ruwansa da alƙaluma, alhali kuwa da ƙididdiga ake auna yawan laifuffuka da sakamakon bincike. Har wa yau, jami'o'i da dama sukan nemi mai son ilmin halayyar ɗan'adam ya ci ilmin halittu, domin karatun ya shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Ƙofofin Shiga Jami'a

Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978. Ɗalibi yakan ɗauki darussa huɗu, Turanci dole ne, sauran ukun kuwa sai sun dace da fannin da ya nema. Ƙofa ta biyu ita ce karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi. Wanda ya ci wannan jarrabawa yana iya neman shiga aji na biyu na jami'a kai tsaye, amma ta hannun JAMB.

Gargaɗi ga Iyaye da Malamai

Sharuɗɗan jami'o'i sun bambanta, kuma sukan sake daga lokaci zuwa lokaci. Don haka wajibi ne a duba littafin bayani na JAMB kafin yaro ya zaɓi darussansa a babbar sakandare, kada a bari sai ya kai ajin ƙarshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kotuna da gidajen gyaran hali, da asibitoci da ma'aikatun jin daɗin jama'a, duk suna bukatar masu wannan ilmi. Yaron da ya yi watsi da lissafi a yau, mai yiwuwa ne ya yi hasarar shekara guda ko biyu yana maimaita jarrabawa kafin ya samu shiga.