Abin da ke jinkirta agajin ambaliya a ƙauyukan Taraba

Idan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, kamar a 2012 da 2022, kogin Binuwai kan shanye gonakin shinkafa da masara a Lau, Karim Lamido, Gassol da Ibi.

Kayan agaji kan iso Jalingo, sai dai fitar da su shi ne aikin. Ambaliyar 2024 ta karya gadar Namnai da ke kan titin Wukari, wasu ƙauyukan kuma dama ba su da hanyar mota da damina.

Shi ya sa ’yan sa-kai na Red Cross ke shiga kwalekwale da hatsi, tabarmi da gidan sauro. Maganin tsabtace ruwa ya fi komai gaggawa, domin da zarar ambaliya ta gurɓata rijiyoyi, amai da gudawa kan biyo baya.