Dodanni a Titin Maple: abin da tsohon fim ɗin Amurka ya gani da abin da ya tsallake

A nan Simsim, idan wuta ta ɗauke ko waya ta daina kamawa, ba mai ɗaga kai, mun saba. Shi ya sa ɗalibaina suka fashe da dariya ranar da na kunna musu wani tsohon fim a kwamfuta, ina fassara musu, suka ga Turawa sun rikice don kawai fitila ta mutu. Kafin minti 25 ɗin su cika, dariyar ta ɗauke.

Fim ɗin kashi ne na shirin talabijin mai suna The Twilight Zone, wanda Rod Serling ya ƙirƙiro. Tashar CBS ta Amurka ta nuna shi ranar 4 ga Maris, 1960, da sunan The Monsters Are Due on Maple Street, wato dodanni na tafe Titin Maple. Baƙi da fari ne, ba kala.

Wata rana da yamma wani haske ya gilma a sama, sai wuta ta ɗauke, tarho ya mutu, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro, Tommy, ya ce ya karanta a littafin tatsuniya cewa halittun wata duniya sukan fara turo 'yan leƙen asiri masu kama da mutane. Shi ke nan, kowa ya fara kallon maƙwabcinsa. Motar Les Goodman ta tashi da kanta, aka tuna yana fitowa da dare yana kallon sama. Steve Brand ya nemi a yi hankali, aka ce ai shi ma yana da rediyo a ɗakin ƙasa, da wa yake magana? Da duhu ya yi, Charlie ya hango wani na tahowa, ya harbe shi. Ashe maƙwabcinsu ne, Pete Van Horn, da ya je duba ko wutar titin gaba tana nan. A ƙarshe sai a nuna baƙin halittun a kan tudu, suna kunna wuta suna kashewa, sun bar mutane su gama da junansu.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin yadda zargi ke yawo. Wanda ya nuna yatsa yanzu, shi za a nuna anjima, kuma abin da aka sani game da mutum shekara da shekaru, kamar rashin barcinsa, shi ke komawa hujja a kansa. Serling ya rubuta shi 'yan shekaru bayan zamanin Sanata Joseph McCarthy, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai ya isa ya raba Ba'amurke da aikinsa. Mu da muka ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mun san yadda kalmar "ɗan leƙen asiri" ke da arha a baki, da tsada a kan wanda aka liƙa wa.

Amma akwai rauni. Na farko, gaggawa: magidanta su yarda da tatsuniyar yaro cikin awa kaɗan? Wata ɗaliba ta tambaye ni, "Ustaz, su ba su da dattijo ne a unguwar?" Gaskiyarta. Matan kuma ba a ba su komai ba sai tsegumi da kururuwa.

Babban raunin shi ne mutanen Titin Maple duk iri ɗaya ne, launi ɗaya, harshe ɗaya, ba rigimar gona a tsakaninsu. Don haka yatsa na iya faɗawa kan kowa. A rayuwa ba haka take ba, yatsa ya san inda yake zuwa tun kafin wuta ta ɗauke. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji suka zauna a Sudan, wasu sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har yau akwai mai kiran jikokinsu baƙi. A Yulin 2022, rikicin ƙasa da sarauta a Jihar Blue Nile ya ci rayuka sama da 100, dubbai suka bar gidajensu. Wancan ba ruɗanin dare ɗaya ba ne, tsohon miki ne aka fama.

Rufewar ma tana da sauƙi a zuciya fiye da kima. Da zarar an nuna baƙi a kan tudu, mai kallo na iya cewa ai hannun waje ne. To, amma wa ya ɗauko bindigar? Charlie ne, maƙwabci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka ina ba malamai da iyaye shawarar su kalle shi tare da yara. Mu ma ba mu tsira ba: saƙon murya ɗaya a WhatsApp kan isa mu yanke wa wata ƙabila hukunci gaba ɗaya, alhali Suratul Hujurat ta umarce mu da mu tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci. Aikin gidan da na ba ajina tambaya ɗaya ce: da a unguwarku abin ya faru, ƙofar wa za a fara ƙwanƙwasawa, kuma kai a ina za ka tsaya?