Kamfanin Kaspersky da Taƙaddamar da ta Dabaibaye Shi

Ya kamata ɗalibi ya fara lura da kalmar "ƙwayar cuta" a fagen kwamfuta. Aro aka yi daga bakin likitoci, ana nufin muguwar manhaja da ke kutsawa cikin na'ura ta ɓata ko ta saci abin da ke ciki. Manhajar da ke yaƙar ta kuwa ita ake kira riga-kafi.

Daga cikin kamfanonin da suka yi fice wajen ƙirƙirar riga-kafi akwai Kaspersky, wanda aka kafa a Mosko, babban birnin Rasha, a shekarar 1997. Jagoransa, Eugene Kaspersky, ya tsunduma cikin harkar ne a 1989, lokacin da ƙwayar cuta mai suna Cascade ta shiga kwamfutarsa, ya yi nazarinta har ya kawar da ita. Masanan kamfanin ne suka bankaɗo Flame a 2012, wato manhajar leƙen asiri da ta fi addabar Iran.

To, ina gizo ke saƙar? Riga-kafi tamkar maigadi ne da aka damƙa wa makullan kowane ɗaki. Ba ya iya aikinsa sai ya leƙa kowane fayil, idan kuma ya ga wanda bai yarda da shi ba, yakan aika wa kamfanin don a bincika. Ke nan wanda ya sa shi a na'urarsa amana ya bayar. Ga shi kuwa Eugene a babbar makarantar KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, ya yi karatu.

A 2017 Amurka ta hana ma'aikatun gwamnatin tarayya amfani da manhajar. A shekarar ne jaridu suka ruwaito cewa wani ma'aikacin hukumar tsaro ta NSA ya kai bayanan sirri gida, ya zuba a kwamfutar da ke da Kaspersky, daga nan suka faɗa hannun Rasha. Kamfanin ya amsa cewa manhajarsa ta kwaso fayilolin saboda ta ga ƙwayar cuta a cikinsu, amma ya ce ya goge su, ya kuma musanta haɗa baki da kowace gwamnati. Don ya wanke kansa, a 2018 ya soma mayar da sarrafa bayanan wasu abokan cinikinsa zuwa Zurich ta Suwizaland.

Hakan bai kashe wutar ba. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, Jamus ta gargaɗi jama'arta game da manhajar. Hujjar Amurka, idan aka duba da kyau, ta fi karkata ga abin da ka iya faruwa: dokokin Rasha na iya tilasta wa kamfanin miƙa bayanai ko da bai so ba. A kan haka ta haramta sayar da manhajar a ƙasarta daga 20 ga Yuli, 2024, kamfanin kuma ya rufe harkokinsa a can.