Ɗorin da Mai Shi Ya Yasar: Gado da Ɓallewa a Buɗaɗɗun Manhajoji na Tsara Aiki

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mutum ya bar gonarsa ta zama saura shekara da shekaru, ba a yarda duk wanda ya ga dama ya faɗa mata da fartanya ba. Sai an je wurin mai gari ya nemi mai ita ko magadansa, in an rasa su sa'an nan ya ba wani. Malaman Malikiyya ma haka suka rarrabe game da raya matacciyar ƙasa: wadda ke kusa da gari sai da iznin shugaba, ta nesa kuwa ba sai da shi ba. Wannan mas'ala ta sake ɓullowa inda ba a zata ba, watau wurin masu rubuta manhajar kwamfuta.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda lasisinta ya ba kowa damar karanta rubutun asalinta, ya gyara, ya rarraba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Redmine, wadda Jean-Philippe Lang ya fitar a 2006 domin tsara aiki: wa aka ba wane aiki, yaushe zai gama, me ya rage. Tun da ya ke uwar manhajar ba ta iya biyan bukatar kowa, wasu su kan rubuta mata ƙananan sassa da a ke ɗorawa a kanta. Irin wannan sashe shi za a kira ɗori a nan.

Ɗori ba ya lalacewa don tsufa. Abin da ke kashe shi shi ne uwar ta ci gaba, shi kuwa yana nan inda aka bar shi. Da Redmine ta fito da bugu na 2.0 a 2012, ta koma kan sabon ginshiƙi, Rails 3, har ma'ajin ɗori ya sake wuri. Duk ɗorin da ba a gyara ba ya daina aiki. Galibi mutum ɗaya ne ya rubuta shi a lokacin hutunsa, ba biya. In ya sake aiki ko ya gaji, ofishin da ya dogara da shi ya shiga tsaka mai wuya: ko ya tsaya kan tsohon bugu mai ƙofofin ɓarna, ko ya ci gaba ya rasa ɗorin.

Hanya ta fari ita ce ɓallewa, watau a kwafe rubutun a ci gaba da shi dabam. Lasisi ya halatta wannan, kuma ba a kan ɗori kaɗai a ke yi ba, har uwar a kan ɓalle daga gare ta. A 2011 wasu masu taimakon Redmine, da suka ga ba a karɓar gyare-gyarensu da sauri, suka kafa ChiliProject. A 2012 OpenProject ta fito daga ChiliProject, da wani kamfani na Balin a bayanta. ChiliProject ta rufe a 2015, sauran biyun kuwa suka ɗore. Kwafe rubutu aikin minti ɗaya ne. Masu kula da shi kullum su ne ba su kwafuwa. Mutanen Daura sun san irin wannan a sha'anin sarauta: bayan jihadi aka sami Daura da Zango da Ɓaure, ko wacce na riƙe da sunan Daura, har 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango. A ɗori ma haka rigimar ta ke, gama in mutum biyar suka ɓalle, mai amfani bai san wanne ne magaji ba.

Hanya ta biyu ta fi kama da ta mai gari, kuma ta fi tsari. Jenkins, manhajar sarrafa ayyukan masu rubuta manhaja, wadda ita kanta ta rabu da Hudson a 2011 bayan saɓani da kamfanin Oracle kan suna, tana da ɗori fiye da 1,500. In an yasar da ɗaya, a kan sa masa alamar neman mai riƙo. Mai so ya nema a bainar jama'a, a jira mai shi mako 2. In bai amsa ba, a miƙa. Suna bai sake ba, masu amfani kuma ba su watse ba.

Amma fa miƙa gado yana da nasa haɗari, domin magaji ya gaji amanar da aka ba na fari tun bai yi kome ba. A 2018 marubucin wani ɗan sashe mai suna event-stream, wanda dubban manhajoji ke dogara da shi, ya miƙa shi ga wani baƙo da ya nemi taimakawa, ba tare da wata majalisa ta tantance shi ba. Baƙon ya cusa masa rubutun sata da ya nufi asusun Copay na kuɗin Bitcoin. Ba a gano ba sai a watan Nuwamba na shekarar, bayan an yi makonni ana sauke shi.