In Ruwa Ya Kashe Maka Moto



A nan ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela, ruwan damana yakan fara a watan Yuni, ya yi ƙarfi a watan Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Manomi yana murna. Amma mai moto yana cikin damuwa. Ɗan kabu-kabu ya kwana da motonsa lafiya lau, da safe ya taka, ya taka, har zufa ta keto masa, moto ya ƙi tashi. Wani kuma ya tsallake ƙorama a hanyar Badagishiri, yana fita ruwa sai inji ya yi shiru.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan. Sau da yawa babu abin da ya ƙone. Danshi ne ko tsatsa suka tare wa wuta hanya. In ka san inda za ka duba, kuɗinka za su zauna a aljihunka.

Ni ma sai da na sha wuya kafin na gane. Wata damana ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Moto ya riƙa mutu mini a hanya. Na kai wa wani mai gyara. Ya ce batir ne, na saya. Bayan kwana uku ciwo ya dawo. Ya ce sede'i ne, wato ɗan baƙin akwatin nan mai ba buji wuta a kan lokaci. Shi ma na saya, da kuɗin da na aje don taki. Ranar da maƙwabcina ya buga mini ƙofa da dare, a kai ɗansa asibitin Galmi, moto ya sake ƙi. Da amalanke aka fita da yaron zuwa bakin kwalta. Allah ya sa ya warke. Washegari wani ɗalibina, wanda ya taɓa zama yaron garaji, ya kwance noti ɗaya tak a jikin ƙarfen moto. Ƙarƙashinsa ja wur da tsatsa. Ya kankare, ya ɗaure, moto ya tashi. Kunya ta kama ni, wallahi.

To, yaya wuta take tafiya a cikin moto?

Ka san gonakin noman rani na Ƙonni. Ruwa yana taruwa a madatsun Mozage da Zango, cikin kwarin Maggiya, sannan ya biyo magudana har gona. In laka ta toshe magudana, madatsa tana cike amma albasa tana bushewa. In kuma magudana ta fashe a hanya, ruwa ya tsere daji, nan ma gona ba ta samu ba. Haka wutar moto take. Batir shi ne madatsa. Wayoyi su ne magudana. Tsatsa tana toshe hanya. Danshi kuwa yana buɗe wa wuta wata kafa ta gudu kafin ta kai inda ake bukata.

Akwai bambanci ɗaya. Ruwa in ya shiga gona ya tafi ke nan. Ita wuta dole ta koma inda ta fito. Tana fita ta waya, tana komawa ta jikin ƙarfen moto. Wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen, masu gyara suna ce mata mas. A galibin babura ƴan China launinta kore ne. Notin mas ɗin nan ne ya ci mini kuɗin taki.

Kada ka ɗauka ruwan sama kaɗai ke ɓarna. Ƙurar hunturu tana shiga duk inda waya biyu suka haɗu, ta kwanta. Da damana ta zo, ƙurar ta sha laima, ta zama laka mai riƙe danshi kwana da kwanaki. Masu noman albasa a Galmi ma, ko da rani, kullum motonsu yana cikin jiƙaƙƙen wuri.

Yanzu ga moto ya ƙi tashi. Kada ka fara kwance-kwance. Murɗa makulli, ka danna oda. Ka ji ƙararta?

In oda ta yi ƙara sosai, batir yana da rai. Sai ka nufi buji, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira fulogi. Wutar da ke zuwa buji tana da ƙarfin volt dubbai, shi ya sa ɗigon ruwa kaɗan ya ishe ta ta kauce. Ciro hular buji. Girgiza ta, ka hura cikinta, ka share da busasshen tsumma. Share farin jikin buji ma. Duba wayar mai kauri da ta shiga hular. In ta tsage, nan ne wuta ke zuba. Da dare har kana iya ganin tartsatsi yana tsalle a wurin. Wannan kaɗai yana tayar da babura da yawa bayan ruwa.

In bai tashi ba, kwance bujin. Mayar da shi cikin hularsa, ka jingina gindinsa da ƙarfen inji, ka taka. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, lafiya. Ja mai rauni ko babu sam, akwai magana. Amma ka kiyaye. Ka riƙe ta wajen roba da busasshen hannu, in ba haka ba za ka sha fizga. Kuma ka yi nesa da kwalbar esansi. Wannan gwaji ba a yin sa a gindin teburin mai sayar da mai.

In kuwa oda ta yi ƙara kamar akuya mai mura, ko ta yi shiru, buɗe wajen batir. Dubi kawunansa biyu. Za ka ga wani gari fari ko kore-kore ya taru kamar gishiri. Ruwan batir ne ya ci ƙarfen. Kada ka taɓa ido bayan ka taɓa shi. Kashe makulli. Fara kwance kan da ke da alamar ragi (−), sannan mai alamar tarawa (+). Kada ka juya wannan tsari, don in sifana ta haɗa kan tarawa da jikin moto, wuta za ta tashi. Jiƙa ƴar kanwa a ruwa, ka wanke kawunan da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga yana kumfa, kanwa ce take kashe kaifin ruwan batir. Sai dai kada ɗigo ɗaya ya shiga cikin batir ɗin, zai lalata shi. Share, ka bari ya bushe, ka goge da takarda mai kaushi irin ta kafinta har ƙarfe ya yi haske. Wajen ɗaurewa, tarawa ne farko, ragi daga baya. Ɗaure tamau, sannan ka shafa giris ko basilin a kai.

Daga nan bi wayar ragi da yatsa har inda aka ɗaure ta a jikin moto. Kwance, kankare, ɗaure. Minti 5 ne.

Kusa da batir, a kan jar waya, akwai ɗan ƙaramin abu cikin kwanso, ana ce masa fizibil. Aikinsa shi ne ya ƙone a madadin wayoyin moto. Wani lokaci bai ma ƙone ba, tsatsa ce a bakinsa. In ya ƙone, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Na sha ganin ana naɗa waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Ban yarda da wannan dabara ba ko kaɗan. Ranar da wayoyi biyu suka gogu, babu mai tsare su, sai hayaƙi daga ƙarƙashin tanki. In sabon ma ya ƙone nan take, akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe. A nemo ta.

Sauran mahaɗan wayoyi suna bayan fitilar gaba da ƙarƙashin sirdi. In fitila tana kyaftawa a kan gargada, ciro su ɗaya bayan ɗaya, ka hura, ka goge, ka mayar. Ɗaya bayan ɗaya na ce, don kada su rikice maka.

Akwai hali guda da ya fi duk waɗannan. In moto ya nutse a ƙorama har ruwa ya rufe inji, kada ka taka shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, yana iya lanƙwasa ƙarfen cikin inji. Tura shi tudu. Cire buji, sannan ka taka a hankali ruwan ya fita ta ramin. Duba man inji. In ya koma fari kamar koko, a juye shi kafin a yi tafiya.

In ka yi duk wannan moto bai tashi ba, to yanzu lokacin mai gyara ya yi. Ka ce ya auna kafin ya ce ka saya. Batir mai volt 12 in ya cika yana nuna wajen 12,6. In inji yana aiki, ya kamata ya hau tsakanin 13,5 da 14,5. Ka leƙa ka karanta da idonka, ai yanzu ka iya. In ruwan batir ya ragu, a ƙara tataccen ruwa na kwalba, ban da na rijiya, don yana da gishiri. Batir irin na rufe kuwa ba a buɗe shi.

Wajen wanki, kada ka bari yara su watsa bokiti a kan makulli da ƙarƙashin sirdi. Tsumma ya isa. In ka rufe moto da leda saboda hadari, ka yaye ta da rana ta fito, don leda tana tara gumi.

Kafin aji na gaba, ka duƙa wajen motonka ko na ɗan'uwanka da alƙalami. A jikin fizibil za ka ga 10A ko 15A. A farin jikin buji za ka ga rubutu kamar D8EA ko C7HSA. Kwafe su cikin littafinka, ka zo da su mu karanta a allo.