Ba Lalaci Ba Ne: Ciwon da Kan Biyo Bayan Zubar Jinin Haihuwa



Da yawanmu mun san cewa Lionel Messi ya sha allurar sinadarin girma yana yaro. To, manya ma suna bukatar wannan sinadari, kuma rashinsa yana taɓa jiki da tunani.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu mai girman ƙwayar wake, likitoci na kiran sa fituwitari. Shi ke fitar da sinadarin girma, shi ke ba da umarnin kawo ruwan nono da haila. Yakan ƙara girma idan mace na da ciki. In ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, jinin da ke isa gare shi na iya yankewa, wani sashensa ya mutu. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan ciwo a 1937, shi ya sa ake kiran sa da sunansa.

Ga alamominsa: mai jego ta rasa ruwan nono, haila ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube. Sannu a hankali sai kasala, jin sanyi, mantuwa, baƙin ciki da gudun jama'a. A garuruwanmu, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, inda mata da yawa ke haihuwa a gida, irin wannan baiwar Allah ana iya ce mata malalaciya, ko a ce aljanu ne ko sammu.

Akwai magani. Likita kan fara auna jini, ya mayar da sinadaran da rai ya fi dogara da su, wato kotisol da tayirosin, ta hanyar ƙwayoyi. Bayan haka ne ake duba allurar sinadarin girma. Tun 1985 ake haɗa ta a masana'anta, kuma Amurka ta amince a yi wa manya a 1996. A Ingila, tun 2003, majiyyaci kan amsa tambayoyi 25 game da kuzarinsa da walwalarsa, a gwada allurar wata 9. In ba a ga sauƙi ba, sai a dakatar. Wato wasu na amfana sosai, wasu kaɗan. Allurar tana da tsada, tana bukatar firji, tana iya kumbura ƙafa da sa ciwon gaɓɓai. Kada kowa ya saye ta a kemis da kansa.

Mu ɗalibai fa? Mu tuna wa iyayenmu mata da yayyenmu zuwa awo da haihuwa a asibiti. In mun ga waɗannan alamu, mu faɗa wa manya a kai ta babban asibiti mafi kusa, kuma a shaida wa likita cewa ta zubar da jini a haihuwarta, ko da shekaru sun wuce. Daga nan ana iya tura ta Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.